Hayar Gidan Hutu a Ƙauyen Bakin Teku a Ingila: Tambayoyi da Amsoshi

Wannan shafi na iyalanmu ne da ke zaune a Birtaniya, da waɗanda suke zuwa ziyara daga gida, masu son su kama gida na mako guda a bakin teku su riƙa girkinsu da kansu. Misalan daga gaɓar Arewacin Yorkshire na ɗauko su, wato Robin Hood's Bay da Staithes da kewayen Whitby, amma tsarin hayar kusan ɗaya ne a Cornwall da Northumberland da Wales.

Mene ne bambancinsa da otal?

A otal ɗaki ake ba ku, a yi muku shara, a kawo muku abinci. A nan gida sukutum ake damƙa muku, da falo da kicin da banɗaki, sannan mai gidan ya janye jikinsa sai ranar tafiyarku. Girki naku ne, wanke-wanke naku ne, fitar da shara ma naku ne. A ganina wannan tsari ya fi dacewa da iyalinmu nesa ba kusa ba. Uwargida za ta cire mayafi ta sake, yara su yi ta guje-gujensu, a tuƙa tuwo a ci a faranti ɗaya, a yi sallah cikin jam'i a falo, babu mai ƙwanƙwasa ƙofa. Sharaɗin kawai shi ne ku yi tambayoyinku kafin kuɗi ya bar hannunku, domin yawancin ɓacin ran da ake samu daga abin da ba a tambaya ba ne.

Wane irin gida ne ake samu a waɗannan ƙauyuka?

Yawancinsu tsofaffin gidajen masunta ne, wasu sun haura shekara 200. An gina su a jikin gangare, a cunkushe, ana ratsa tsakaninsu ta lunguna da matakalar dutse. A Robin Hood's Bay har ana ba da labarin cewa a ƙarni na 18, lokacin da fasa-ƙwaurin shayi da taba da siliki ya yi ƙamari, akan ɗauko kaya daga bakin ruwa a kai su saman gari ta cikin gidaje ba tare da sun fito fili ba. Staithes kuwa nan ne James Cook, shahararren matuƙin jirgin ruwan nan na Ingila, ya yi yaron shago a 1745 kafin ya koma Whitby ya koyi aikin jirgin ruwa.

Tarihin yana da daɗin ji, amma ga abin da yake nufi ga mai haya: ɗakunan ƙanana ne, rufin gajere ne har dogon mutum sai ya sunkuya a bakin ƙofa, matakalar bene kuma siririya ce mai miƙewa tsaye, wani lokaci igiya ce kawai a gefe a maimakon abin dafawa. Gida ɗaya yakan zama hawa uku, kicin a ƙasa, falo a tsakiya, ɗakin kwana a can sama. Idan za ku je da Hajiya ko Baba mai ciwon gwiwa, ko yaro mai rarrafe, ku nemi gida a saman gari inda aka yi sabbin gine-gine, kuma ku tambaya ƙarara ko akwai ɗakin kwana da banɗaki a hawan ƙasa.

A ina ake nema, kuma ta yaya zan tsira daga 'yan damfara?

Akwai kamfanonin da wannan ce sana'arsu, irin su Sykes Holiday Cottages da cottages.com, akwai Airbnb da Vrbo, sannan National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi, ita ma tana da nata gidajen haya. Wasu masu gida kuma da kansu suke tallata gidansu a shafinsu, kuma sau da yawa nasu ya fi sauƙi saboda babu la'adar dillali.

Alamun damfara sanannu ne: farashin da ya yi araha fiye da kima, mai gida da ke matsa muku ku biya yau-yau, da wanda ya ce ku bar shafin kamfanin ku tura kuɗin kai tsaye zuwa asusunsa. Ku nemi cikakken sunan gidan ku duba shi a taswirar Google, ku karanta ra'ayoyin waɗanda suka taɓa sauka, musamman na baya-bayan nan. Masu ƙorafi sun fi masu yabo amfani a wajenku, su ne za su gaya muku cewa ɗakin yana warin danshi ko ruwan zafi yana ƙarewa bayan mutum biyu.

Yaya ake biyan kuɗi?

Yawanci za a karɓi kafin alƙalami, abin da ya kai kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku na kuɗin, sannan a nemi ciko makonni shida zuwa takwas kafin ranar shiga. Idan kun kama gidan a ƙurarren lokaci, duka za ku biya nan take. Wasu suna ƙara kuɗin ajiya saboda ɓarna, su mayar bayan sun duba gidan. Ku rubuta ranar cikon a inda ba za ku manta ba, domin wanda ya wuce ta zai iya rasa gidan da kafin alƙalamin baki ɗaya.

Ga mai amfani da katin bashi na Birtaniya, sashe na 75 na dokar bashin masu saye ta 1974 ya ɗora wa kamfanin katin alhaki tare da mai sayarwa a kan cinikin da ya haura fam 100 har zuwa fam 30,000. Idan akwai dillali a tsakani wannan kariya takan yi rauni, amma duk da haka biya da kati ya fi tura kuɗi ta banki kwanciyar hankali.

Idan wani uzuri ya taso muka fasa zuwa fa?

Nan ne mutane da dama suke ƙonewa. Damar nan ta kwana 14 da doka ta ba mai sayen kaya ta intanet ya canza ra'ayi ba ta shafi masaukin da aka kama don wata rana takamaimai ba. Abin da ke cikin sharuɗɗan da kuka amince da su shi zai yi aiki, kuma in lokaci ya matso ba lallai a mayar muku da ko kwabo ba. Mu da waya ɗaya daga gida kan sa mu kama hanyar filin jirgi, ya kamata mu karanta wannan sashe da kyau, mu kuma duba ko inshorar tafiya da ake tayi ta haɗa da rashin lafiya ko rasuwar ɗan'uwa da ke wata ƙasa. Mai zuwa daga Najeriya ko Nijar kada ya biya kuɗin da ba a mayarwa sai biza ta fito.

Wane lokaci ne ya fi dacewa?

Daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba makarantun Ingila suna hutu, farashi yana kan ƙololuwa, gidaje masu kyau kuma tun watanni da dama aka kama su. Hutun tsakiyar zango na ƙarshen Mayu da na Oktoba ma haka. Wanda ba shi da yara 'yan makaranta ya zaɓi Yuni ko Satumba. Masu yara su sani cewa tun watan Agustan 2024 tarar cire yaro daga makaranta don hutu ba da izini ba ta koma fam 80 a kan kowane yaro ga kowane mahaifi, kuma takan zama fam 160 in ba a biya cikin kwana 21 ba.

A lokacin cunkoso mako cur ake bayarwa, daga Juma'a zuwa Juma'a ko Asabar zuwa Asabar. A sauran watanni ana samun na kwana uku ko huɗu.

An rubuta mutum shida. Idan muka zo mu takwas, yara suka kwana a falo, da matsala?

Da matsala. Na san a wajenmu ba a cewa gida ya cika, amma wannan adadi yana ɗaure ne da inshorar mai gidan da tsarinsa na kariyar gobara, kuma yana da ikon ya sallame ku ba tare da mayar da kuɗi ba. A ƙauyen da tagar maƙwabci ke kallon ƙofarku, babu abin da yake ɓoyuwa. Ku faɗi adadinku na gaskiya har da jariri. In 'yan'uwa daga Leeds ko Bradford za su zo wuni, ku sanar da mai gidan tun da wuri. Idan iyali biyu ne, ku kama gida biyu a lungu ɗaya.

Gaskiya ne ana shiga da karnuka irin waɗannan gidaje?

Ƙwarai kuwa, kuma gidaje da yawa da haka suke talla, domin Turawa da karnukansu suke zuwa hutu. Ana share gidan tsakanin baƙi, amma kafet da kujeru ba kullum ake wanke su ba. Shafukan haya suna da wurin zaɓar gidajen da ba a yarda da dabbobi ba. Ku zaɓi wannan, sannan ku ƙara tambayar mai gidan ko shi kansa yana zuwa da nasa, saboda wasu suna hana baƙi amma su suna shiga da nasu. A bakin ruwa da lunguna kuwa dole za ku yi ta haɗuwa da karnuka, gara a shirya wa yara zuciya tun a gida don kada su firgita su ruga.

Me za mu tarar a kicin, me kuma za mu zo da shi?

Za ku tarar da murhu da tanda da firji da butar lantarki da faranti da cokula daidai adadin mutanen gidan. Zanen gado da tawul galibi suna cikin kuɗin, ban da tawul na bakin ruwa. Tukwanen dai ƙanana ne, ba a yi su don shinkafar mutum shida ba. Ku zo da babbar tukunyarku da muciya da wuƙa mai kaifi, da kaskon suya in ba ku natsu da na gidan ba, tunda ba ku san abin da aka soya a ciki jiya ba. Sauran kayan, wankewa da sabulu da ruwan zafi ta wadatar.

Ku tambayi irin murhun. Idan na lantarki ne mai aiki da maganaɗisu, tukunyar alminiyam ba za ta ko yi ɗumi a kansa ba. Gwajin mai sauƙi ne: ku ɗauki maganaɗisun da ke manne a ƙofar firjinku ku kara a gindin tukunyar, in ya kama za ta yi aiki.

Manja da kurkum suna kama katakon kicin da fararen tsummokin goge hannu, lalle kuma yana kama zanen gado, duka ukun suna iya cinye kuɗin ajiyarku. Wasu masu gida sukan bar kyautar maraba a kan tebur, biskit da madara, wani lokaci da kwalbar giya. Saƙo ɗaya kafin zuwanku ya isa a cire ta, kuma ba sa jin haushi.

Ina za mu samu nama da cefane?

Naman halal ku zo da shi a cikin kula da ƙanƙara, ko ku tsaya a Middlesbrough ku saya in ta nan kuka biyo. Shagunan ƙauye ƙanana ne, na burodi da madara da ƙwai, kuma da wuri suke rufewa. Babban cefane sai Whitby, mil shida daga Robin Hood's Bay, inda ake da manyan kantuna. Yaji da daddawa da kuka da garin tuwo, daga gida.

Amma kada ku cika mota da nama har ku manta inda kuka zo. Kifi da ƙaguwa sabbin kamu suna nan, kuma a mazhabar Malikiyya duk abin da ya fito daga teku halal ne. A Whitby akwai gidan Fortune's da ke banda kifi tun 1872, a ƙarshen wani lungu ƙasa da matakala 199 da ke hawa zuwa kufan tsohuwar majami'ar garin. Ƙamshin hayaƙinsa zai tuna muku da bandar Baga. Soyayyen kifi da dankali da aka san yankin da shi kuwa sai da tambaya: shaguna da yawa a Yorkshire da kitsen shanu suke suya, wasu kuma suna zuba giya a ƙullin da suke tsoma kifin. Ku tambaya da me aka soya, da me aka kwaɓa. Sun saba da tambayar saboda masu cin ganyayyaki zalla.

Zan iya kunna turaren wuta?

Gara ki bari sai kin koma gida, 'yar'uwa. Akwai ƙararrawar hayaƙi a kowane hawa, ɗakunan kuma ƙanana ne, kasko ɗaya ya isa ya tayar da ita. Gidaje da yawa sun hana ko da kyandir. Kada a cire wa ƙararrawar batir, domin a gida mai matakala ɗaya ita ce mai tashinku in wani abu ya faru cikin dare. Humra da turaren fesawa sun wadatar. Haka kuma gawayi ba ya shiga cikin ɗaki ko kaɗan saboda iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari kuma tana kisa. In gidan yana da murhun itace na ɗumama falo, ku bi takardar da aka ajiye, ku tabbatar akwai ƙararrawar wannan iska a kusa da shi.

Banɗaki da alwala fa?

Ku zo da buta. Ƙasan banɗakin katako ne a ƙarƙashi, babu magudana, ruwan da ya zuba kuma yana iya ɗiga ta silin ɗin falo. A yi alwala a kan kwamin wanke hannu ko cikin baho, a shimfiɗa tawul a ƙasa. Ban da takardar banɗaki kada a jefa komai a masai.

Yaya lokutan sallah suke a can?

Wannan gaɓa tana arewa sosai. A watan Yuni rana takan fito wajen ƙarfe huɗu da rabi na safe, ta faɗi bayan tara da rabi na dare, kuma daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuli sama ba ta yin duhu sosai, shi ya sa jadawalin masallatai yake bambanta a kan Isha'i da Asuba. Ku ɗauki jadawalin masallacin Scarborough ko na Middlesbrough ku tsaya a kansa, a can ne ma za ku samu Juma'a. Alƙibla tana kudu maso gabas. A tsofaffin gidajen dutse manhajar waya takan ruɗe, don haka ku gwada ta a waje kafin ku shimfiɗa sallaya.

Za mu iya kai mota har ƙofar gida?

A Robin Hood's Bay da Staithes, kusan a'a. Hanya ɗaya ce mai gangare sosai take sauka cikin tsohon gari, kuma babu wurin ajiye motar baƙi a ƙasa. Ana ajiyewa a filin da ke saman gari, da kuɗi, a sauka a ƙafa. Wasu sukan gangara su sauke kaya da sauri su koma sama, amma da rana tsaka a watan Agusta, ga jama'a cike da hanya ga babu wurin juyawa, ban ba ku shawarar haka ba. Ku raba kaya a ƙananan jakunkuna na goyo, tunda akwati mai taya ba ya tafiya a kan matakalar dutse. Ku tambayi mai gida ko yana da takardar izinin ajiye mota, da kuma nisan filin daga ƙofarsa.

Baƙo daga gida yana iya tuƙi da lasin ƙasarsa har tsawon wata 12. Hannun hagu ake bi, kuma a siraran hanyoyin karkara akwai 'yan wurare da aka faɗaɗa don mota ta raɓe wata ta wuce.

Wanda ba shi da mota fa?

Zai iya. Daga tashar King's Cross a Landan zuwa York kimanin awa biyu ne a jirgin ƙasa, daga York zuwa Scarborough ƙasa da awa ɗaya, sannan bas mai lamba X93 da ke zirga-zirga tsakanin Scarborough da Whitby da Middlesbrough tana tsayawa a saman Robin Hood's Bay. Layin dogon da ya taɓa ratsa ƙauyen an rufe shi a 1965, yanzu ya zama hanyar masu keke da masu tafiyar ƙafa, shimfiɗaɗɗiya, mai daɗin bi da yara.

Teku ba shi da haɗari ga yara?

Yana da shi, kuma wannan ita ce amsar da nake roƙon ku karanta sau biyu. Yawancinmu a tudu muka tashi, ba mu san halin teku ba. Ruwan yana cika ya janye sau biyu a kowace rana, kuma lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 kullum. Idan ya janye a Robin Hood's Bay sai ka ga fili shimfiɗe na duwatsu da ƙananan kududdufai, yara suna kama ƙaguwa da ɗan raga, suna tsintar burbushin halittun da suka zama dutse, masu siffar dodon-koɗi a nannaɗe. Idan ya juyo, ta gefe yake zagayowa ya cike kwaruruwan da ke bayanku, ku kuna kan tudun dutse kuna ganin da sauran lokaci, har sai ya zo gindin hanyar da kuka sauko ta kanta. Ku duba jadawalin cika da janyewa kowace safiya, akan manna shi a bakin ruwa kuma yana kan intanet. Ku fita lokacin da ruwa ke janyewa, ku juyo da zarar ya kai ƙarshen janyewarsa.

Kada a zauna a gindin tsaunukan gaɓa don neman inuwa ko mafakar iska. Dutsen yana zaizayewa, kuma a watan Agustan 2018 faɗowar dutse ta kashe wata yarinya 'yar shekara tara a Staithes.

Ruwan Tekun Arewa ko a tsakiyar bazararsu bai cika wuce digiri 15 ba, sanyin da ke iya ƙwace numfashin ƙwararren mai iyo. Mai son shiga ruwa ya je Whitby, inda masu ceto na ƙungiyar RNLI suke gadi a lokacin hutu, ya tsaya tsakanin tutoci masu launin ja da rawaya. Doguwar riga da zane suna yin nauyi in sun jiƙe. Idan kuka ga wani cikin haɗari kada ku bi shi, ku buga 999 ku ce Coastguard, wato masu gadin gaɓar teku.

Akwai intanet da sabis na waya?

Yawancin gidaje suna da intanet, amma sabis na waya yakan yi rauni a ƙasan gari. Ku ajiye lambar buɗe akwatin da ake ajiye makullin gidan a ciki, da kwatancen gidan, a wayarku kafin ku gangara. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Najeriya, mai zuwa daga Nijar ne zai buƙaci adafta.

Yaya mutanen gari suke da baƙi?

Sun saba da baƙi, da su garin yake ci. Sai dai akwai wani ciwo da ya kamata ku sani. Gidajen hutu da gidajen masu kuɗi da ke zuwa jefi-jefi sun yi yawa har 'ya'yan gari ba sa iya sayen gida a inda aka haife su. A watan Yunin 2022 mutanen Whitby sun kaɗa ƙuri'a, mafi rinjaye suka nemi a keɓe sabbin gidaje ga mazauna na dindindin, kuma daga Afrilun 2025 hukumar Arewacin Yorkshire ta ninka harajin gida a kan gida na biyu. Saboda haka wanda ke bayan bangonku wataƙila mutum ne da zai tashi aiki da asuba. A rage murya bayan ƙarfe goma na dare, a gaida wanda aka haɗu da shi a lungu, a sayi burodi da kifi a shagon ƙauye. Kada kuma yara su riƙa jefa wa tsuntsayen teku abinci, abin yana ɓata wa mazauna rai matuƙa, domin da haka tsuntsayen suke koyon fizge abinci daga hannun mutane.

Ranar shiga da ranar fita, me ake bukata daga gare mu?

Shiga yawanci daga ƙarfe uku ko huɗu na yamma ne, fita kuma ƙarfe goma na safe, saboda masu shara suna da 'yan awoyi ne kawai kafin wasu baƙin su iso. Makulli yana cikin ƙaramin akwati mai lambobi a jikin bango. Da kun shiga, kafin a baza kaya, ku zagaya ku ɗauki hoton duk wani tabo ko abin da ya karye, ku tura wa mai gida a ranar. In wani abu ya lalace kuna ciki, ko hita ta ƙi aiki, ku sanar nan take, domin ƙorafin da aka kawo bayan an koma gida ba a cika saurarensa ba.

Ranar fita a wanke kwanuka, a kwashe firji, a raba shara yadda takardar gidan ta nuna, ta kwalabe da gwangwani daban da sauran. Wasu suna son a cire zanen gado a tara wuri ɗaya. Mai da aka yi suya da shi a juye a kwalba a jefa a shara, kada a zuba a kwami. A rufe tagogi, a mayar da makulli cikin akwatinsa a juya lambobin. Kuɗin ajiya yakan dawo cikin mako ɗaya ko biyu, in kuma an cire wani abu kuna da damar neman hoto da rasit.